RA'AYINMU: Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Duk wanda ya sayi jarida da safe ya buɗe, abin da idonsa ke fara faɗawa a kai shi ne babban kanun labari, sai kuma hotunan manyan ƙasa. Da wuya mai karatu ya tsaya ya tambayi kansa ko wane ne ya taka ƙafa ya je inda abin ya auku, ko ya karya kumallo kafin ya fita, ko kuwa an biya shi albashinsa na watan jiya. Alhali kuwa sau da yawa amsar waɗannan tambayoyi ita ce ke nuna ko abin da aka buga gaskiya ne ko shaci-faɗi. Saboda haka muka ga ya dace yau mu waiwayi irin zaman da manema labarai suka yi a birnin New York na ƙasar Amurka daga wajen 1880 zuwa 1900. A can ne aikin jarida na gasa ya bunƙasa, da alherinsa da sharrinsa, kuma akwai abin lura a cikin tarihin ga duk mai rubuta jarida da mai karanta ta.

A wancan zamani New York gari ne da baƙi ke kwararowa cikinsa ba dare ba rana daga ƙasashen Turai, har ya zama a ƙidayar 1900 mutanensa sun kusa miliyan uku da rabi. Manyan gidajen jaridu kusan duk a titi guda suke, watau Park Row, dab da ofishin magajin gari. A 1883 wani baƙo haifaffen ƙasar Hangari mai suna Joseph Pulitzer ya sayi jaridar New York World, tana sayar da kwafi wajen 15,000 a rana. Kafin shekara biyu ta cika ta kai 100,000. A 1890 ya gina mata dogon bene mai ƙubba ruwan zinariya, wanda a lokacin ya ɗara kowane gini tsawo a birnin. A 1895 kuma sai William Randolph Hearst, ɗan wani attajiri mai ma'adinai, ya sayi New York Journal, ya shiga janye ma'aikatan Pulitzer da albashi mai tsoka, yana sayar da tasa jaridar senti ɗaya kacal, watau kashi ɗaya daga cikin ɗari na dala. Daga nan gasa ta kankama, kowa na neman ya ƙwace masu karatun ɗan'uwansa ta kowane hali.

To, yaya shi kuma wakilin da ke ƙasan wannan ƙubba yake rayuwa? Ma'aikacin jaridar safe yakan iso ofis da tsakar rana, ya zauna jiran editan labaran gari ya kira sunansa. In an tura shi, sai ya kama hanya a ƙasa, ko cikin taragon da dawaki ke ja, ko jirgin ƙasan da ke bi ta gada a saman tituna. Wuraren farautarsa su ne hedkwatar 'yan sanda, da kotunan majistare, da ɗakin ajiye gawa, da bakin tashar jiragen ruwa, da duk inda gobara ta tashi. Yakan ƙwanƙwasa ƙofar matar da aka kashe wa miji ɗazu don ya roƙi hoton mamacin, domin in ya koma babu hoto, na wata jarida kuwa ya samu, to ranar sai ya ji a jikinsa. Ba ya tashi aiki sai bayan tsakar dare, lokacin da injin ɗab'i ya fara juyawa. Yawancinsu ba a sa sunansu a kan abin da suka rubuta, ba su da takardar yarjejeniya, ana kuma iya sallamar mutum a yini guda ba tare da an faɗa masa laifinsa ba. Mashaya ce ta zame wa da yawa daga cikinsu gida na biyu. Ya isa misali a ce har sai da ƙungiyar zumunta ta 'yan jaridun birnin ta tanadi fili a maƙabartar Cypress Hills, inda a kan binne abokan aiki, musamman waɗanda suka mutu ba su bar ko kuɗin jana'iza ba.

Amma babban abin da ya fi ɓata sana'ar shi ne hanyar biya. Wakilai da yawa ba su da tsayayyen albashi. Ana biyansu ne gwargwadon tsawon rubutunsu da ya fito a jarida, kamar dai yadda a ke auna yadi a kasuwa. A ƙarshen mako mutum zai yanko duk labaran da aka buga masa, ya liƙa su da gam su zama doguwar takarda, ya kai wa akawu ya auna, a biya shi. In ya yini yana bin wani labari, edita ya yar da shi ko ya taƙaice shi zuwa layi biyar, to wahalarsa ta kusa zama ta banza, sai ɗan abin da ba a rasa ba na lokacin da ya ɓata. Bari mu kira wannan tsari biyan awo.

Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane inda biyan awo zai kai mutum. Wakilin da aka tura wurin gobara, ya tarar an kashe ta tun ba ta ci komai ba, abu biyu ne a gabansa. In ya faɗi gaskiya ya samu layi uku, ya kwana da yunwa. In kuwa ya ƙara gishiri, ya kawo kururuwar mata da jarumin da ya ceci jariri, sai labarin ya miƙe, kuɗin hayar ɗaki ya samu. Haka nan wakilan jaridu dabam-dabam da ke gadin wuri guda sukan haɗa baki su raba labari a tsakaninsu, don kada editan wani ya tuhume shi da sakaci, kuma in ɗaya ya yi kuskure duka sai su buga kuskuren. Theodore Dreiser, wanda daga baya ya zama shahararren marubucin littattafai, ya shiga World a ƙarshen 1894 a kan wannan tsari, yana da shekara 23, bayan ya yi aikin jarida a wasu biranen. Ya ba da labari cewa a bangon ofishin an kafa alluna masu gargaɗin ma'aikata su tabbatar da ingancin duk abin da za su rubuta, amma shi sai a aike shi ya tono labari, in ya kawo a miƙa wa wani ya rubuta, abin da ke shiga aljihunsa kuwa bai isa ci da haya ba. Bai yi watanni da yawa ba ya ajiye aikin. Gargaɗin da ke bango daidai ne, sai dai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ba yunwa kaɗai ke karkata alƙalami ba, har da tsoron kada abokin gasa ya riga ka. Akwai wani abu da ya faru a lokacin da Theodore Roosevelt ke shugabancin hukumar 'yan sandan birnin, tsakanin 1895 da 1897, wanda Lincoln Steffens ya bayyana a tarihin rayuwarsa da aka buga a 1931. Steffens wakilin Evening Post ne a hedkwatar 'yan sanda. Ran nan yana kishingiɗe a ɗakin ƙasa na hedkwatar sai ya ji 'yan sandan ciki suna hirar wata sata da ba a sanar wa manema labarai ba, ya je ya buga. Editocin sauran jaridu suka hau wakilansu da faɗa. Jacob Riis na Evening Sun, wanda ya fi kowa sanin lungunan hedkwatar, ya ce ba za a ba shi kunya ba, ya samo hanyar ganin rahotannin sace-sace da 'yan sanda ke ɓoyewa, ya shiga sako su kullum. Sauran su ma suka bi sahu. Kafin a ankara shafuna sun cika da labaran ɓarayi, mutanen gari suka firgita, aka shiga cewa laifi ya yi ambaliya, hukuma ta gaza. Da aka duba littattafan 'yan sanda sai aka ga sata ba ta ƙaru ba ko kaɗan, buga ta ne ya ƙaru. Sai da Roosevelt ya kira mutanen nan biyu ya roƙe su, sa'an nan ambaliyar ta janye. Abin lura a nan shi ne babu labarin ƙarya ko ɗaya a ciki, kowace sata an yi ta, amma hoton da aka nuna wa jama'a na garinsu ba daidai ba ne.

Wannan ɗabi'a ta kai maƙura a 1898. Ran 15 ga Fabrairu jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Maine ya fashe a tashar Havana ta ƙasar Kyuba, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Sifaniya, mutum fiye da 260 suka halaka. Tun ba a fara bincike sosai ba Journal ta yanke hukunci da manyan baƙaƙe cewa aikin abokan gaba ne, ta kuma sa ladan dala 50,000 ga wanda ya tona masu laifi. World ita ma ba a bar ta a baya ba. Cinikin kowace ya haye kwafi miliyan guda a rana, a watan Afrilu kuma aka shiga yaƙi. Ba mu ce jaridu kaɗai suka jawo yaƙin ba, amma sun hura wutarsa. A 1976 wani bincike da Admiral Hyman Rickover na sojan ruwan Amurka ya jagoranta ya nuna alama mai ƙarfi cewa fashewar daga cikin jirgin ta taso. Gyaran ya zo bayan shekara 78, waɗanda suka mutu a fagen fama kuwa sun riga sun mutu.

Sai dai zai zama rashin adalci a ce abin da Park Row ya haifar ke nan kaɗai. A 1887 wata budurwa 'yar shekara 23, Elizabeth Cochran, wadda a ke sani da sunan alƙalami Nellie Bly, ta karɓi aikin da World ta ba ta na shiga gidan mahaukata na mata da ke tsibirin Blackwell. Ta kama ɗaki a wani masaukin mata, ta yi haukan ƙarya, aka kai ta gaban alƙali, likitoci suka tabbatar da cewa ta taɓu, aka tsallaka da ita tsibirin. Kwana goma ta yi a ciki kafin lauyan jaridar ya fito da ita. Ta ba da labarin ruɓaɓɓen abinci, da wanka da ruwan sanyi ƙarara, da dukan marasa lafiya, da kuma mata baƙi masu cikakken hankali waɗanda aka kulle don kawai ba su jin Turanci. Kotu ta sa aka yi bincike, ita ma ta raka masu binciken, aka kuma ƙara kuɗin da a ke kashewa wajen kula da masu taɓin hankali.

Shi ma Jacob Riis ɗin da muka ambata ba a gasar labaran sata sunansa ya tsaya ba. Ya zo Amurka daga ƙasar Denmak a 1870, ya sha yawon neman aiki, har ya kwana a ɗakunan da 'yan sanda ke tara marasa galihu. A 1877 ya zama wakilin New York Tribune a wajen 'yan sanda, ofishinsa na titin Mulberry yana kallon hedkwatarsu, a tsakiyar unguwannin talakawa. Ya riƙa shiga gidajen haya cikin dare da na'urar ɗaukar hoto da wata hoda mai walƙiya, yana ɗaukar mutane jibge a ɗaki guda, ba taga ba iska. Littafin da ya fitar a 1890 ya girgiza masu hali na birnin. A 1896 aka rufe ɗakunan kwanan nan na 'yan sanda, aka kuma rushe mafi ƙazantar ɓangaren titin Mulberry, aka buɗe filin shaƙatawa a wurin a 1897. Abin da ya ba rubutunsa ƙarfi shi ne ya san ciwon a jikinsa, ya kuma daɗe a wuri guda har ya san shi ciki da bai.

Gaskiya kuwa tana da tsada. A watan Satumba na 1896 Stephen Crane, yana aiki wa Journal, ya ga wani ɗan sanda mai suna Charles Becker ya kama wata mata a kan laifin da ba ta yi ba. Abokai suka ba shi shawara ya rufe bakinsa, ya ƙi, ya je kotu ya ba da shaida, aka sake ta. Daga nan 'yan sanda suka sa shi gaba, suka binciki masaukinsa, aka tozarta shi a bainar jama'a, aka wanke Becker, shi kuwa zaman birnin ya gagare shi. Ya rasu a 1900 yana da shekara 28. Becker ɗin nan shi ne aka zartar wa hukuncin kisa a 1915 bayan an same shi da hannu a kisan wani ɗan caca.

Yaya aka yi sana'ar ta gyaru? Wa'azi kaɗai bai gyara ta ba. Abin mamaki, yara masu tallar jarida ne suka fara nuna hanya. A lokacin yaƙi an ƙara musu kuɗin sari daga senti 50 zuwa 60 a kan kwafi ɗari, bayan yaƙi World da Journal suka ƙi ragewa. A watan Yuli na 1899 yaran suka yi yajin aiki na wajen mako biyu, har kamfanonin suka yarda su riƙa karɓar kwafin da bai sayu ba. Shi kansa Pulitzer ya yi nadamar abin da gasar ta jawo, ya bar wasiyyar kuɗi aka buɗe makarantar koyon aikin jarida a Jami'ar Columbia a 1912, shekara guda bayan mutuwarsa. A 1913 World ta kafa ofishi na musamman mai sauraron koke-koken waɗanda aka yi wa kuskure a labari. Su kuwa wakilai, da yake suna ganin kansu masu ilmi ne da suka fi ƙarfin shiga ƙungiyar ƙwadago, sun daɗe suna kallon masu haɗa baƙaƙe a maɗaba'a suna cin moriyar tasu ƙungiyar. Sai a 1933, a ƙarƙashin jagorancin Heywood Broun, suka kafa tasu, suka fara neman tsayayyen albashi da ƙayyadadden lokacin aiki. World ta rufe a 1931, benen mai ƙubba kuma aka rushe shi a 1955 don faɗaɗa hanyar hawa gadar Brooklyn.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 1955 ɗin nan ne aka kafa Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Nijeriya a Legas, amma har yau ba wanda zai rantse cewa matsalar cikin wakili ta kau a ƙasar nan. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai gidajen watsa labarai, na 'yan kasuwa da na gwamnatoci, inda a kan yi watanni ba albashi, a bar mutum da katin shaida ya je ya nemi na kansa. Kowa ya san ambulan da a ke miƙawa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa tilas ya yi masa aski. Biyan awo ma ya dawo da sabuwar riga, domin a intanet kuɗin talla yana bin yawan masu buɗe labari ne, saboda haka kanun da ya fi tayar da hankali shi ya fi kawo riba. Bambancin kawai shi ne ƙaryar da a da take jiran injin ɗab'i, yanzu kafin a sha ruwa ta gama zagaya wayoyin jama'a, kuma a ƙasa mai yawan kabilu da addinai irin tamu jita-jita guda tana iya cin rayuka.

Don haka muna kira, da farko, ga duk mai gidan jarida, har da gwamnatocin da ke da nasu, da su ɗauki albashin wakili da kuɗin zirga-zirgarsa a matsayin bashi na farko da za a biya kowane wata. Gwamnatin da ta kafa jarida don wayar da kan jama'a, sa'an nan ta bar ma'aikatanta suna jiran sadakar waɗanda ya kamata su sa wa ido, kanta ta cuta, domin ranar da take bukatar a gaskata ta ba wanda zai gaskata.

Na biyu, ga ma'aikatan gwamnati, musamman manyan sakatarori da jami'an watsa labarai. Abin da wakili ya fi bukata daga gare ku shi ne bayani da alƙaluma a kan lokaci. Ku tuna cewa ɓoye rahotanni da 'yan sandan New York suka yi shi ne ya ba ambaliyar ƙarya ƙofa. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, bin ta kuwa ya fi ambulan araha, ya kuma fi kare mutuncin ma'aikata.

Na uku, ga mu kanmu 'yan jarida. Talauci dalili ne da za a kai kuka a kansa gaban ƙungiya da masu gida, amma ba zai wanke wanda ya ɓata sunan bawan Allah ko ya haddasa fitina ba. Riis da Nellie Bly a titi guda suka yi aiki da masu ƙara gishiri, yau kuwa su a ke tunawa. Ya kamata kowace jarida ta ware wurin da za ta riƙa buga gyaran kuskurenta a fili, ba tare da an kai ta kotu ba.

Daga ƙarshe, ga ɗalibai, waɗanda daga cikinsu ne za a samu editocin gobe. In kun ga labari ya yi zafi, ku tambaya wa ya gani da idonsa, wa aka ji ta bakinsa, wa kuma aka bari ba a tuntuɓa ba. In kun ga jaridu sun cika da wani irin laifi, ku bincika ko laifin ne ya ƙaru ko kuwa buga shi. Wanda kuma ke sha'awar shiga wannan sana'a, ya shigo da saninsa cewa ba hanyar tara dukiya ba ce, amma haƙƙinsa ne a biya shi abin da zai riƙe kansa da iyalinsa ba tare da miƙa hannu ba.

Mutanen Park Row sun ɗauki wajen shekara 50 kafin su yarda cewa ingancin labari yana farawa ne daga halin da mai ɗauko shi yake ciki. Tun da tarihinsu yana gabanmu a rubuce, babu dalilin da zai sa mu jira tsawon wannan lokaci. In kunne ya ji, jiki ya tsira.